Inda Kwalta Ta Ƙare: Wa Zai Ja Baƙo Zuwa Tuddan Yashin Yobe?

Layin dogon da ya taso daga Kano ya iso Nguru a shekarar 1930, kuma a nan ya tsaya. Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da fatu da shanu, da suka sami abin da suke nema sai ba su ƙara ko taku ɗaya ba. Kwalta ta fi dogo ƙoƙari: ta bar Nguru ta nufi gabas zuwa Gashuwa, tafiyar kamar awa guda a mota, daga can kuma wani reshe ya yi arewa ya kai Yusufari. Bayan nan ƙasa takan sake hali. Gonakin gero su fara yin nesa da juna, bishiyoyi su gajarce, sai ga rairayi ya taso tudu bayan tudu har kan iyakar Nijar.

A cikin wannan yashi Tulo-Tulowa take, a Ƙaramar Hukumar Yusufari. Manyan tuddai ne na rairayi tsantsa, a gindinsu kuma kwari mai ruwa kusa, inda goriba da dabino suke tsaye kore shar. 'Yan shekarun nan hotunan wurin sun bazu a Facebook da TikTok. Samari daga Damaturu da Potiskum da Kano sukan haɗa kuɗin mota su je, su naɗa rawani irin na Buzaye, su ɗauki hoto a ƙololuwar tudu. Duk lokacin da irin hoton ya fito, ba a rasa mai cewa ai wannan Dubai ce a gida, me ya hana a kawo baburan nan masu ƙafa huɗu a riƙa yawo da baƙi kamar yadda Larabawa suke yi?

Tambayar tana da ma'ana, domin sana'a ce da ake ci da ita a ƙasashe da dama.

Babur mai ƙafa huɗu ba tsohon abu ba ne. Kamfanin Honda na Japan ya fara fito da mai ƙafa uku a 1970, da tayoyi masu faɗi da taushi don bin yashi da laka. A 1982 Suzuki ya ƙara ƙafa ɗaya, aka sami mai huɗu. Manoma da makiyaya a Amurka da Ostareliya suka karɓe shi don zagaya gona da bin dabbobi, masu harkar yawon buɗe ido kuma suka gane akwai kuɗi a cikinsa. Yau a Marzuga da ke kudu maso gabashin Maroko, da hamadar da ke bayan birnin Dubai, da Swakopmund a gaɓar tekun Namibiya, tsarin kusan ɗaya ne. Baƙo zai biya kuɗin awa ɗaya ko biyu, a ba shi hular kwano, a nuna masa birki da inda ake ba da wuta. Sai jagora ya shige gaba, baƙi su jeru a bayansa, kowa ya bi sawun na gabansa, babu mai wuce wani. A Najeriya an fi ganin waɗannan babura a bakin teku a Legas, inda ake hayarsu na 'yan mintoci.

Idan batun ƙasa ne, arewacin Yobe ba ta da abin jin kunya. Da wuya a sami wani yanki a Najeriya da ya tara kamanni uku daban-daban a ɗan taƙi irin wannan. Arewa da Nguru akwai Machina, tsohuwar masarauta da ke zaune a gindin duwatsu, wadda ta shahara da bikin al'adun da take yi duk shekara da kuma labarin zumuncin gidan sarauta da macizai. Tsakanin Nguru da Gashuwa akwai fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are yake malala kafin ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Sannan ga yashin Yusufari da dausayoyin Bulatura. Biyu daga cikin ukun nan suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Chadi, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Yobe kanta. Gandun yana da sassa uku: Chingurmi-Duguma a Borno, sai Bade-Nguru da Bulatura a Yobe.

Abin da masu mafarkin Dubai suke mantawa shi ne, a wannan sana'a babur ne abu mafi sauƙin samu. Kowane mai kuɗi zai iya sayo goma daga China a cikin kwantena ɗaya. Mutumin da zai shige gaba shi ne da wuya, kuma shi ne Yobe ta riga ta mallaka tun kafin a yi zancen yawon buɗe ido.

A je tasha a Gashuwa ko Yusufari ranar kasuwa a ga motocin da ke lodin ƙauyukan arewa. Yawancinsu tsofaffin Toyota ne masu jan ƙafa huɗu, akori-kura da fenti ya daɗe da barinsu, an lafta musu buhunan hatsi da jarkoki da awaki, fasinjoji kuma a saman kaya. Direbobinsu suna bin hanyar da babu ita a taswira. Sawun da aka bi jiya, iska ta iya shafe shi cikin dare. Alamarsu ita ce wata aduwa da ta karkace, ko gungun goriba, ko siffar wani tudu idan rana ta haske shi ta gefe. Kuma suna da ilmin da ba a makaranta aka koya musu ba. Kafin a shiga yashi sai an rage iskar taya, don tayar ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta nutse. Sammako ake yi, saboda yashin safe yana da sanyi da ɗan danshi, ya fi riƙe mota. Da rana ta take sai ya saki, ya zama gari. Ba a taka birki da ƙarfi, ba a canja giya a tsakiyar hawa, kuma idan mota ta fara haƙa rami da ƙafafunta, mai hankali yakan ɗaga ƙafa daga totur nan take, don ƙara wuta ƙara binne kai ne. In ta kafe, yaran mota su diro da shebur, a share gaban tayoyi, a shimfiɗa kaba ko rassan itace, fasinjoji su sauko a tura.

Akwai kuma sanin tudun kansa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka gefen da ke fuskantar iska yakan yi kwance, ya daddale, ana iya hawansa. Ɗaya gefen, inda yashi ke zubowa, a tsaye yake da gangare mai kaifi, wajen digiri 30 ko ɗan fiye, kuma rairayinsa sako-sako ne. Wanda bai sani ba zai hau ta gefen mai sauƙi a guje, ya kai ƙololuwa, sai ya tarar babu ƙasa a gabansa. Haɗurra da yawa a wuraren wasan yashi na duniya a daidai wannan gaɓa suke faruwa. Direban da ya shekara ashirin yana kai kaya Bulatura ba ya bukatar a yi masa wannan bayani, haka ma mai raƙumin da ke fatauci da kanwa.

'Yan acaɓa su ne sahu na biyu, sai dai su tarihinsu ya sami giɓi. Lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, gwamnatin Yobe ta hana hawa babur, saboda maharan da shi suke kai farmaki su tsere. Haramcin ya ɗauki kimanin shekara goma kafin gwamnatin Mai Mala Buni, wanda ya hau mulki a 2019, ta ɗage shi daki-daki. A cikin gari Keke Napep ya maye gurbi. A ƙauyen da ke cikin yashi kuwa Keke ba ya zuwa ko'ina, sai aka koma ga jaki da amalanke da ƙafa. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga duk mai tunanin kawo ayarin babura yankin. Jami'in tsaron da ya hango babura takwas a jere suna tayar da ƙura kusa da iyaka, ba yawon shaƙatawa ne zai fara zuwa masa a rai ba. Mutanen ƙauye ma haka.

Babbar matsalar dai tana cikin yashin ne. Tudun da baƙo yake gani abin sha'awa, ga mai gida abokin gaba ne. A garuruwa irin su Kaska, yashi ya ci gonaki, ya danne gidaje, ya sa mutane sun ja da baya. Dausayin da ake noman rani da haƙar kanwa a cikinsa yana ƙanƙancewa duk lokacin da tudun da ke gefensa ya matso. An daɗe ana wannan yaƙi. Shirin raya yankin busasshiyar ƙasa na arewa maso gabas, wanda aka fi sani da NEAZDP, ya fara aiki a wajajen 1990 da tallafin Tarayyar Turai, hedikwatarsa tana Garin Alkali kusa da Gashuwa, kuma dasa itatuwa da tsare yashi suna cikin ayyukansa. Daga baya aka zo da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Yobe kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa.

Tudun yashi iri biyu ne. Akwai mai tafiya, wanda babu komai a kansa, iska tana tura shi kaɗan-kaɗan. Akwai kuma wanda ya zauna, saboda ciyawa da ƙananan itatuwa sun kama shi da saiwoyinsu. Yawancin tuddan wannan yanki irin na biyun ne, tsofaffin tuddai da ciyawa ta lulluɓe. Wannan lulluɓi siriri ne ƙwarai, kamar ɓawon da ke kan tuwon da ya kwana. Da zarar an fasa shi, ko da kofaton dabbobi masu yawa, ko da gatari, ko da taya, sai iska ta sami ƙofa, ta fara yashe wurin, ramin ya yi ta faɗi har tudun da ya zauna ya tashi tsaye. Babur mai ƙafa huɗu kuwa an ƙera tayoyinsa ne don su ciji ƙasa. A wurin da ruwan sama ba ya wuce watanni uku zuwa huɗu, ciyawar da aka tumɓuke a Disamba ba ta da damar dawowa sai Yuli, kuma duk tsawon wannan lokaci iska tana aiki.

Namibiya ta ɗanɗana wannan. A gaɓar tekunta masu babura da motocin yashi sun yi shekaru suna shiga duk inda suka ga dama, suna tattake sheƙar wani ɗan tsuntsun teku da ke ƙwai a ƙasa, suna barin sawun da ke daɗewa bai goge ba. A 2010 gwamnati ta ayyana yankin a matsayin gandun Dorob, ta ware wuraren da aka yarda a yi wasan babur, ta hana sauran, ta sa sai da takardar izini. Sana'ar ba ta mutu ba, har yau ana yin ta a Swakopmund, amma a cikin iyaka. Darasin da ya shafi Yobe a fili yake: idan za a yi, a kan tuddai masu tafiya za a yi, waɗanda babu ciyawa a kansu kuma suke nesa da gona da rijiya, ta hanya guda da kowa zai bi.

A fadama kuwa hukuncin ya fi sauƙi, domin babur ba shi da abin yi a can. Tafkin Dagona da ke ƙasar Bade mafaka ce ta tsuntsaye. Daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazara, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogon zango sukan tsallako Sahara daga Turai su sauka a nan, su haɗu da na gida irin su kirinjijiya da ɗinya. Saboda su ne aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya zo Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, Dagona ta bi sahu a 2008. Fadamar tana fama da nata ciwon: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa. Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomitoci yana bukatar ya ci ya huta, kuma ƙarar inji tana tayar da garke gaba ɗaya. Baƙon da yake son ganin Dagona, kwalekwalen masunci ya ishe shi, kuma masuntan Bade, masu bikin kamun kifi a Gogaram, sun san ruwan nan fiye da kowa.

Sai batun rai da lafiya. Ƙafa huɗu tana ruɗin mutane, suna ganin abin da ke tsaye da kansa ba zai faɗi ba. Alhali babur ɗin yana da nauyi, mazauninsa yana sama, kuma idan aka karya kwana a guje ko aka bi gangare a karkace, kifewa yake yi ya danne mai shi. Mai ƙafa ukun ya yi ɓarna har sai da aka daina sayar da sababbinsa a Amurka a 1988. A Dubai motar asibiti ba ta da nisa. A Tulo-Tulowa, wanda ya karye sai an fito da shi ta cikin yashin da ya shiga, a kai shi kwalta, sannan a nufi asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Ga zafi: a watannin Afrilu da Mayu ma'auni yana haura digiri 40 a wannan yanki, wanda ke nufin lokacin sana'ar bai wuce Nuwamba zuwa Fabrairu ba, shi ma ban da ranakun da hazo ya rufe gari. Wata huɗu na aiki, wata takwas babura suna ajiye ƙura tana cin su.

To wa zai biya? Ba Bature ba, aƙalla ba yanzu ba. Ƙasashen Yamma suna gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je Yobe, kuma harin da aka kai Gaidam da Kanamma a 2021 bai yi nisa da wannan yanki ba, ko da yake Nguru da Gashuwa sun fi gabashin jihar samun sauƙi. Maƙwabta suna da labarin da ya kamata a saurara. A shekarun 1980 tseren motoci na Paris zuwa Dakar yana ratsa Nijar, Agadas ta cika da baƙi, Buzaye da yawa suka zama direbobi da jagororin hamada. Tawaye da sace-sacen Turawa suka kashe kasuwar. An soke tseren a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Direbobin Agadas da dama suka juya ga jigilar masu ƙaura zuwa Libiya, domin sanin hanya bai bar su ba, baƙin ne suka ɗauke ƙafa. Sana'ar da ta dogara ga mutumin nesa, labari ɗaya a rediyo yana iya rufe ta.

Kasuwar da ke akwai ta gida ce, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da masu yi wa ƙasa hidima, da ma'aikatan da ke dawowa gida hutun Sallah, da mawaƙa da masu shirya fim da ke neman wurin ɗaukar hoto, da baƙin da bukukuwan Machina da Bade suke jawowa. Sai dai aljihunsu ba irin na mai yawon Dubai ba ne, musamman tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Babur mai ƙafa huɗu yana shan fetur, kayan gyaransa ba a kasuwar Nguru suke ba, bakaniken da ya saba da Bajaj da Jincheng kuma sai ya sake koyo. Mai lissafi zai ga cewa tsohuwar Toyota da direbanta, da raƙuma biyu ko uku a bakin tudu, za su kai mutum goma su dawo da su a kan kuɗin da bai kai na hayar babura ba. Mafi yawan masu zuwa Tulo-Tulowa a yau, da mota mai jan ƙafa huɗu da ɗan gari mai nuna hanya suke zuwa.

Wannan tsari na yanzu shi ya fi cancantar a fara gyarawa. Direbobin da suka san yashi su sami rajista da shaida, a san su a tasha, a san farashinsu. A koya wa wasu daga cikinsu taimakon gaggawa. A sami wurin kwana da ruwa mai tsabta a Yusufari, don baƙo ya iya shiga da asuba ya fito kafin rana ta yi zafi. A hana zubar da leda da robar ruwa a dausayi, domin inda baƙi suka yawaita shara takan biyo su, kuma akuya ba ta bambance leda da ganye.

Idan bayan haka wani ɗan kasuwa ya kawo baburansa, zai tarar da mutanen da dole ya zauna da su kafin ya tayar da inji: hukumar gandun daji a sashen Bulatura, da ƙaramar hukuma, da jami'an tsaro, da hakimi da lawani da bulaman garin da tudun yake bayansa. Bulama zai so ya san abu uku. Ta ina babura za su bi, don kada su ratsa gona ko burtali ko su firgita raƙuma a bakin rijiya. Wa zai shige gaba, ɗan garin ne ko wani aka ɗauko daga birni. Sannan cikin kuɗin da baƙo zai biya, nawa ne zai tsaya a garin, ko da na sayen dashen itatuwan da za a kafa a gefen tudun da ke matsowa makarantar firamare.